Riƙon Ɗan Da Ya Faɗa Shaye-Shaye Har Ya Samu Kansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai karɓar tuba, Mai suturta bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya.



Bayan haka, lokacin da kwamitin shirya wannan taro mai albarka ya aiko mini cewa in yi magana a kan tarbiyyar iyali, na yi niyyar yin abin da muka saba, wato in tattaro maganganun magabata in jera su, kowa ya ce madalla, a shafa a tashi. Na kwana uku ina jujjuya al'amarin a raina, sai na ga idan na yi haka na ci amanar majalisi, domin akwai wata wuta da ke ci a gidajenmu wadda kowa yake jin ƙaurinta amma ba mai son a ce daga ɗakinsa hayaƙin yake fitowa. Wannan wuta ita ce shaye-shaye. Ni kuwa ta ci a gidana, saboda haka zan yi magana ne a matsayin wanda ya ƙone, ina neman afuwar shehunaina idan na fito da abin da aka saba rufewa. Wanda abin ya shafa ɗana ne na fari. Al'ada ta hana ni kama sunansa, sutura kuma ta ƙara hanawa, amma na nemi izininsa kafin in rubuta wannan takarda, ya ce, "Malam, ka faɗa, la'alla wani ya amfana."

Kada wani ya zaci wannan musiba ta 'yan tasha ce kawai. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarar 2018, an samu cewa mutum miliyan 14.3 'yan tsakanin shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a shiyyar Arewa maso Yamma suke, kuma a duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Adadi irin wannan ba ya tsallake gidan malami, ba ya tsallake gidan muƙaddami.

Yaron nan ya sauke Alƙur'ani a hannuna, ya yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kuma da yawanku kun san muryarsa a sahun wazifa. Da ya tasa sai ya koyi ɗinki. A azumin shekarar 2016, lokacin da ɗinkin salla ya yi wa shagonsu yawa, wani abokin aikinsa ya ba shi tiramol domin ya iya kwana a kan keke. Bai sha don neman maye ba, ya sha ne don ya cika alkawarin mutane, kuma ta nan Shaiɗan ya fi shigo wa yaran kirki. Salla ta wuce, ƙwaya ba ta wuce ba. Da tiramol ta hana shi barci sai aka nuna masa roci domin ya runtsa, daga nan sai kodin da ake tsiyayawa a cikin kwalbar lemo, wanda ko a gabanka aka sha ba za ka ce komai ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, to amma kafin nan tuni abin ya riga ya kama jikinsa, hanin bai ƙara masa komai ba sai tsada.

Alamu sun bayyana tun da wuri, mu ne muka ƙi karantawa. Sallar asuba ta fara kuɓuce masa, sai barcin rana, sai rama, sai saurin fushi, sai ƙarya a kan abin da bai kai a yi ƙarya ba. Mahaifiyarsa ta riga ni sani da kusan shekara guda. Ta biya bashin da ya ci har sau uku a ɓoye, ta kwashi adashinta ta mayar wa wata mata kuɗin yadin da ya sayar, duk don kada maganar ta iso gare ni. Ni kuma da na fara zargi sai na kawar da kai, domin ina jin nauyin a ce ɗan Malam ne, a gidan da ko taba sigari ba a yarda a shigo da ita ba. Ranar da na tabbatar ita ce ranar da na nemi mujalladi biyu na wani tafsiri da na gada daga mahaifina na rasa, daga baya wani almajirina ya gan su a shimfiɗe a wajen mai sayar da tsofaffin littattafai.

A nan zan tsaya in faɗi wani abu game da alkunya. Mu Hausawa muna jin nauyin ɗan fari, ba ma kiran sunansa, ba ma zama hira da shi, kuma wannan ɗabi'a tana da kyawunta. To amma ni ta zame mini katanga. Shekara ashirin ina karantar da 'ya'yan mutane a zaure, suna kawo mini damuwarsu har ta cikin gida, alhali nawa ɗan bai taɓa samun ƙofar da zai ce mini, "Malam, ina cikin wani hali" ba. Idan uba zai riƙe alkunya, to wajibi ne ya wakilta baffa ko kawu ko wani amintacce wanda yaron zai iya buɗe wa cikinsa. Ni ban yi ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowannenmu zai fara: rubutu da tofi da saukar Alƙur'ani. Ban raina wannan ba, kuma har gobe ina yi, domin addu'a makamin mumini ce. Laifina shi ne na mayar da addu'a labulen da zan ɓuya a bayansa don kada in je inda za a gan ni. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya umarci sahabbai da neman magani, ya kuma sanar da su cewa kowace cuta Allah Ya saukar mata da maganinta. Wanda ya riƙi addu'a ya bar sababi alhali sababin yana gabansa, bai fahimci tawakkali ba. Da na ga babu canji sai na koma ga faɗa da duka. Daga ƙarshe, a farkon shekarar 2018, na bi shawarar wasu na kai shi wani gidan mari a wani gari da ba zan ambata ba. Na biya kuɗi, na juyo ina jin kamar an sauke mini kaya, na ce wa maƙwabta ya tafi karatu gabas.

Wata bakwai ya yi a can. Da na je ɗauko shi na tarar da ƙafafunsa biyu da tabon ƙarfe, bayansa da shatar bulala, idonsa kuma ba ya haɗuwa da nawa. Aka ce mini ya shiryu. Haƙiƙa bai sha komai ba a wata bakwai ɗin nan, amma babu wanda ya taɓa tambayarsa dalilin da ya sa yake sha, babu wanda ya koya masa yadda zai yi idan sha'awar ta taso. Kwana goma sha biyu da dawowarsa ƙannensa suka same shi a soro a sheme, yana kumfa, numfashinsa da ƙyar. Abin da ya faru, kamar yadda likita ya bayyana mini daga baya, shi ne jikin mai shan ƙwaya yana sabawa da ita har ya riƙa ɗaukar adadi mai yawa, idan ya daɗe bai sha ba sai wannan sabo ya tafi, ranar da ya koma ya sha adadin da ya saba a da sai ya zame masa guba. Ku riƙe wannan da kyau, ya 'yan'uwa: makonnin farko bayan fitowa daga tsare ko daga asibiti su ne mafi haɗari ga ran yaro. Kuma duk wanda ya samu nasa a irin wannan hali, kada ya ɗura masa madara ko manja ko ruwa, domin zai iya shaƙewa ya tafi huhu. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti, a tafi da kwalin ko kwalbar abin da ya sha.

Shekara guda bayan haka, a watan Satumban 2019, 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, sannan aka yi ta bankaɗo irinsa a Daura da Katsina da wasu garuruwa. Duniya ta yi ta Allah wadai da masu gidajen. Ni kuwa da na ji labarin kaina na tuhuma, domin waɗannan yara ba da ƙafarsu suka je ba, mu iyaye ne muka kai su, muka biya, kuma da yawanmu abin da muka saya shi ne hutun kanmu da rufin asirinmu.

A daren da yake kwance a asibiti ban iya komawa gida ba, sai na wuce wajen muƙaddamin da ya yi mini talƙini, dattijo ne wanda yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Na ce masa, "Shehu, na gaji. Idan ya tashi zan sallama shi, in ya so duniya ta koya masa." Bakina ya kusa furta abin da ya fi haka muni, kun kuwa san bakin mahaifi. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Malam, yaushe rabonka da cin abinci kwano ɗaya da shi?" Na rasa amsa. Sai ya tuna mini abin da ni kaina na sha karantarwa a cikin Sahihul Buhari, labarin sahabin nan Abdullahi da ake yi wa laƙabi da Himaru, wanda yake sa Manzon Allah (S.A.W.) dariya, aka sha kawo shi saboda shan giya ana yi masa haddi. Ranar da wani ya gaji ya la'ance shi saboda yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi (S.A.W.) ya hana, ya kuma yi masa shaidar son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar, da aka yi wa wani mashayi addu'ar taɓewa, sai ya hana su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Dattijon ya ce, "Ka karantar da wannan hadisi sau nawa? To yau ga shi ya zo gidanka yana neman a yi aiki da shi."

Ku lura da hadisin nan, bai ɗauke laifi ba, domin an tsayar da haddi. Shan abin da ke gusar da hankali haramun ne, ko giya ce ko ƙwaya ko wiwi ko sholisho, babu saɓani a kan wannan a wajenmu. Amma an rarrabe tsakanin aikin da mai aikin. An hukunta aikin, an bar mutumin a cikin jama'a, yana salla a sahu, yana da sunansa na mai ƙauna. Mu kuwa mun juya al'amarin: muna ɓoye aikin, muna jefar da mutumin.

Washegari likita ya zaunar da ni, yaro ne sa'an almajiraina, ya yi mini tambayoyin da ban taɓa zaton zan amsa wa wani ba. Na ga dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗi komai. Ya fahimtar da ni cewa wanda ƙwaya ta kama, bayan zunubin da ya ɗauka da farko, ya kuma zama mara lafiya, domin ƙwaƙwalwarsa ta sauya har ta mayar da ƙwayar kamar abinci da ruwa. Idan mai shan tiramol ko kodin ya daina, sai ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da hamma da rashin barci da ƙunci su taso masa, su yi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, su fara sauƙi bayan kamar mako guda. Da yawansu ba daɗi suke nema ba a lokacin da suke komawa, gudun wannan azaba suke yi. Ya ce tiramol da aka yarda da ita a asibiti mai ƙarfin 50 ce ko 100, ta kasuwa kuwa har mai 225 ake samu, kuma yawanta yana kawo bugun da ya yi kama da farfaɗiya. Sannan ya gargaɗe ni da abin da ban sani ba, cewa mai shan roci ko baliyam da dangoginsu na maganin barci, haka ma wanda giya ta kama sosai, idan aka yanke masa lokaci guda zai iya jijjiga har ya rasa ransa, sai dai likita ya riƙa rage masa sannu a hankali. Wato ɗaurin da nake zaton magani ne, da ƙarar kwana zai iya zama ajali.

Da ya ambaci ragewa sannu a hankali sai na tuna yadda Allah Ya yi da al'ummar farko. Shekara goma sha uku a Makka ana gina imani ba a haramta giya ba. A Madina aka fara da bayyana cewa cutarwarta ta fi amfaninta, a cikin Suratul Baƙara, sannan aka hana kusantar salla cikin maye, a cikin Suratun Nisa'i, sannan hani yankakke ya sauka a cikin Suratul Ma'ida, sahabbai suka zubar da ita a lungunan Madina. Nana A'isha (R.A.) ta yi bayanin cewa da hanin ne ya fara sauka da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Kada a fahimce ni a karkace: hukunci ya riga ya tabbata, babu mai cewa yau a sha kaɗan gobe a bari. Abin da muke ɗauka a nan shi ne sanin halin rai, cewa ba a raba ta da abin da ta saba sai an fara gina mata abin da za ta dogara a kai. Mu mutanen tarbiyya mun fi kowa cancantar gane wannan, tunda babu shehin da yake ɗora wa sabon muridi abin da yake ɗora wa wanda ya shekara ashirin a hanya.

Ya yi mako shida a sashen masu wannan larura, daga nan muka shiga zuwa ganin likita da mai ba da shawara, da farko duk mako, daga baya duk wata. Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa, wato kada a ce an kai ɗan wane asibitin mahaukata. To waɗannan asibitoci, irin na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, an tanade su ne har da wannan. Hukumar NDLEA ma, wadda aka kafa a 1989, ba kamu kaɗai take yi ba, tana da ɓangaren ba da shawara da gyaran hali. Sutura ta gaskiya ita ce ka rufe ɗanka daga bakin 'yan gulma. Rufe shi daga likita kuwa barin kashi a ciki ne, wanda ba ya maganin yunwa.

Asibiti yana cire ƙwaya daga jini cikin 'yan makonni, amma sauran aikin na shekaru ne, kuma a gida ake yin sa. Abu na farko da muka gyara shi ne muka zama baki ɗaya ni da mahaifiyarsa. Da, ni ina tsanantawa ita tana lallaɓawa a ɓoye, yaron yana bi ta tsakaninmu kamar ruwa. Muka zauna da shi da baffansa, muka ce ƙofar gida a buɗe take gare shi dare da rana, abincinsa da suturarsa da kuɗin maganinsa suna wuyanmu, amma ba mai ba shi kuɗi a hannu, ba mai biya masa bashi a ɓoye, ba mai yi masa ƙarya a wajen wanda ya cuta. Matar da ya sayar wa yadi, da ƙafarsa ya je ya ba ta haƙuri, duk da an riga an biya ta. Wannan ya yi wa mahaifiyarsa wuya ƙwarai, domin tausayin uwa yana gaya mata cewa hanawa rashin ƙauna ne, alhali kuɗin da take bayarwa cikin kuka su ne suke komawa aljihun mai sayar da ƙwaya.

Ni kuma na karya alkunyata. Na sa aka riƙa kawo mana tuwon dare kwano ɗaya a zaure. Makonnin farko ba mai cewa uffan, sai ƙarar loma. Na hana kaina wa'azi a kan abinci, wannan kuwa ga malami ba ƙaramin jihadi ba ne. A wata na uku ne ya fara magana, ya gaya mini abubuwan da suka faru da shi a gidan mari, waɗanda ba zan iya maimaitawa a wannan majalisi ba. A daren na nemi gafararsa. Ban taɓa jin mahaifina ya nemi gafarar ɗansa ba, kuma ban ga girmana ya ragu da komai ba.

Sai batun abokai da sana'a. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka bai koma tsohon shagon ba, ya canza layin waya, baffansa ya ba shi keke a shagonsa inda ake rufewa da magariba, ko da salla ta matso ba a kwana. Amma raba yaro da abokan banza ba tare da ba shi wasu ba kamar ka cire masa riga ne a cikin hunturu. A nan zawiya ta yi abin da ba zan manta ba. Ranar da ya fara dawowa wazifa na ga wasu suna janye buzunsu daga kusa da shi, wani ma ya matsar da takalminsa. Muƙaddami ya gani bai ce komai ba. Da aka shafa sai ya kira shi a gaban kowa, ya miƙa masa farin ƙyallen da ake shimfiɗawa, ya ce daga yau wankinsa da gugarsa da ajiyarsa suna hannunsa. An yi ƙananan maganganu, har wani ya same ni ya ce anya ya dace. Na ba shi labarin Abu Mihjan Assaƙafi, wanda Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) ya ɗaure a lokacin yaƙin Ƙadisiyya saboda sha'anin giya. Malaman tarihi sun kawo cewa ya roƙi Salma matar Sa'adu ta kwance shi bisa alkawarin zai dawo, ta amince masa, ya hau dokin Sa'adu ya yi yaƙin da ya ba kowa mamaki, da dare ya dawo ya mayar da ƙafarsa cikin mari. Da Sa'adu ya ji sai ya sake shi ya ce ba zai ƙara yi masa bulala ba, shi kuma ya ce ya bar giya har abada. An sha yi masa haddi bai bari ba, ranar da aka amince masa ya bari. Yaron nan shekara da shekaru ƙyallen bai taɓa zuwa a makare ba, bai taɓa zuwa da datti ba.

Kada in sa ku zaci daga nan komai ya tafi daidai. A lokacin kullen korona na shekarar 2020, da aka rufe kasuwanni da masallatai, ya zauna babu aiki babu wazifar jam'i, sai ya koma. Kwana tara ya yi yana sha kafin ya zo da kansa ya durƙusa ya ce, "Malam, na faɗi." Zuciyata ta ce duk wahalar ta tashi a banza. Amma likita ya riga ya gaya mini cewa masana wannan fanni sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinya suna samun komawa, kamar yadda mai hawan jini ko asma ciwonsa yake tashi bayan ya lafa, kuma ba a cewa magani ya ƙi don ciwo ya motsa, sai dai a koma a gyara. Na kuma dubi lazimin da muke yi safe da yamma. Da me yake farawa? Da istigfari ƙafa ɗari, kafin salati, kafin hailala. Shehu bai ce wanda ya yi na jiya an ɗauke masa na yau ba, bai kuma keɓe shehunai daga ciki ba. Idan ni da furfurata ina neman gafara sau ɗari biyu kullum kuma ina sa ran karɓa, da wane ido zan ce wa ɗana tubarsa ta ƙare don ya faɗi sau ɗaya? Abin da na duba shi ne, a 2016 ya ɓoye mini shekara biyu, a 2020 kwana tara. Da gari ya waye muka kira likitansa.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙon iyaye. Kada a yi wa mai shaye-shaye aure da sunan magani. Aure ba asibiti ba ne, kuma zalunci ne a ɗauki 'yar mutane a ɓoye mata gaskiya a jefa ta cikin abin da iyayensa suka kasa. A bari ya samu kansa, sannan a gaya wa waliyyanta abin da ya gabata. Na biyu kuma 'ya'ya mata da matan aure da suka faɗa wannan hali, nasu ya fi tsanani, domin namiji ana kai shi magani, mace kuwa sai a kulle ta a ɗaki ko a sake ta a mayar wa iyayenta. Ina kira ga muƙaddamai mata da malaman Islamiyyun matan aure su buɗe ƙofa ga wannan, su san likitar da za su tura mutum wajenta.

Mai jinya ma yana bukatar mai duba shi. Mahaifiyar yaron nan ta kamu da hawan jini a cikin waɗannan shekaru, ƙannensa kuma sun yi ta jin an manta da su, har ɗayansu ya taɓa ce mini ashe sai mutum ya lalace ake cin tuwo da shi. Maganar ta dake ni, daga ranar na faɗaɗa kwanon. Idan kun san wani ɗan'uwa a zawiyarku da yake cikin wannan jarrabawa, kada ku jira ya faɗa, ba zai faɗa ba. Ku je ku gaishe shi, ku raka shi asibiti, ku ɗauki yaron aiki idan kuna da shago, kuma abin da kuka gani ya tsaya a idonku.

Yau yaron yana da shagonsa da yara biyu masu koyo a hannunsa, ya yi aure, surukansa sun san komai tun kafin a sa rana. Har yanzu yana zuwa ganin likitansa lokaci-lokaci, har yanzu ba ya karɓar ɗinkin da zai kai shi kwana, kuma tabon ƙarfen nan yana nan a ƙafarsa, ina ganinsa duk lokacin da yake alwala. Littattafan mahaifina kuwa, shi da kansa ya bi sawu ya samo mujalladi ɗaya ya saya da kuɗin ɗinkinsa, ɗayan har yau ba mu gan shi ba.

Ina roƙon Maulana Halifa da shehunanmu su sa shi a addu'a, shi da dukkan 'ya'yan Musulmi da suke cikin wannan hali da iyayensu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya maimaita mana wannan taro, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, albarkar Annabi (S.A.W.).